Dakta Eulogio da Maƙogwaron Mai Fito

A garin San Telmo na bakin kogi lauyoyi biyu ne kawai. Ɗaya ya tsufa har kunne ya daina yi masa aiki. Ɗayan kuwa Dakta Eulogio Pertuz ne, wanda kunnensa lafiya lau, amfani da shi ne dai ba ya yi. Tun da ya fara aiki bai taɓa cin wata shari'ar kirki ba, amma in ka ji shi a shagon Wilfrido mai aski, sai ka rantse manyan alƙalan Bogota ba sa yanke hukunci sai sun bugo masa waya.

Wata rana ya tafi Barranquilla wani ɗan kwas a otal. Ya dawo da takardar shaida mai hatimin ruwan zinariya, da sabon tabarau, da wani irin kallo kamar na kyanwa ta hango kifi. Ko gida bai je ba, shagon aski ya nufa.

"Daga yau an daina yi mini ƙarya a garin nan," in ji shi. "Baki maƙaryaci ne, jiki kuwa bai iya ƙarya ba. Gira tana magana, kafaɗa tana magana, maƙogwaro kuma shi ne shaidan da ba a iya saye."

"To Dakta, fara da ni," in ji Wilfrido, yana aske wani tsoho.

Eulogio ya sauke tabarau zuwa kan hanci. "Ka shafi hancinka. Akwai abin da kake ɓoyewa."

"Akwai kuwa. Majina ce. Ƙoƙari nake kada ta sauka a ƙeyar Don Abel."

Don Abel ya yi wuf ya tashi da rabin aski. Eulogio ya gyaɗa kai, ya ce wa masu jiran layi, "Kun dai ji ya amsa."

Daga nan ya biya kasuwa ya sayi nama, ya tsaya gaban Doña Temilda, bazawarar da ke sayar da kifi.

"Kifin nan na yau ne?"

"Na yanzu-yanzu ne, Dakta."

"Kin kalli hagu!" Ya ajiye jakarsa a ƙasa don ya sami hannun bayani. "Duk wanda ya kalli hagu yana magana, ƙirƙira yake yi. Wannan kifin ya ga jiya, wataƙila ma shekaranjiya."

"Dakta..."

"Kada ki katse ni. Ga shi kin sake kallon hagun."

"Ai dole in kalla. Kare ne a hagunka, ya ma gama da naman, yanzu jakar yake ja."

Da ya isa gida hannu wofi, ya tarar da matarsa Nohemí a bakin ƙofa ta harɗe hannuwa a ƙirji.

"Harɗe hannu," in ji shi, "alama ce ta mai rufe wani abu."

"Gaskiyarka. Hannuwan nake rufewa don kada su mare ka. Ina naman?"

Da wani ne, da a nan ya ajiye ilmin. Eulogio kuwa washegari ya sa aka yi masa allo a ƙofar ofis, aka zana ƙaton ido a kai. Abin da ya rage masa shari'a ɗaya ce, babba, a gaban jama'a, wadda za ta sa sunansa ya haye kogi.

Ana haka sai ga Doña Fidelina mai yin cuku, ta shigo tana huci. Ita da mijinta Don Crisanto mai jirgin fito sun yi aure tun kafin a kawo wutar lantarki garin, kuma tun daga lokacin suke faɗa, ba su taɓa gajiya ba.

"Dakta, tsohon banzan nan ya yanka mini kaza. Jar kazata mai ƙwai, wadda nake kira ta amsa. Ya yi romo da rogo da agada, shi da abokansa na wasan domino suka cinye, ko ƙashi ba su rage mini in yi kuka a kai ba. So nake a kai shi gaban hukuma a ja masa kunne."

"Wato kina son a raba auren."

"Raba me? Allah ya kiyaye! A ja masa kunne na ce."

Amma tana faɗa tana murza zoben aurenta. Eulogio ya gani. A kwas an ce mai murza zobe so yake ya cire shi. Ba a ce musu komai ba game da yatsun da ke kumbura saboda zafi da matsar cuku.

"Na ji abin da bakinki ya ce, Doña Fidelina," in ji shi cikin tausayi, "na kuma ji abin da hannunki ya ce. Je ki gida, ki bar mini sauran."

"Hannuna bai ce komai ba."

"Haka kike gani."

Ranar nan ya shigar da ƙarar raba aure.

Da masinjan kotu ya karanta wa Don Crisanto sammaci a bakin fito, tsohon ya je gida ya tarar Fidelina ta tafi coci, ya ɗauki ragar barcinsa da hularsa, ya koma cikin jirgi da zama. Damina ce. Ruwan sama ya yi masa wanka, sauro ya yi masa kiɗa, kafin mako ya zagayo mura ta kama shi har murya ta dushe.

Fidelina ta dawo ofis hankali a tashe. "Dakta, mutumin nan ya bar mini gida! A kan kaza?"

"Kin gani? Mai gaskiya ba ya gudu. Bari in je in karanto shi."

Ya sa farar kwat ɗinsa ya sauka bakin fito. Masu dako da masu jiran jirgi suka matso, don an riga an san in Dakta ya sauke tabarau akwai kallo. Ya taka katako ya shiga jirgin, ya tarar da Crisanto tsaye ya ware ƙafafu.

"Ka ware ƙafa, Don Crisanto. Tsayuwar mai gadin sirri ke nan."

"Tsayuwar wanda ba ya son faɗawa ruwa ce," in ji tsohon da dusasshiyar murya. "Kai ma ka ware."

"Ni ba ni da abin ɓoyewa." Ya haɗe ƙafafunsa tsaf kamar soja. "Gaya mini, akwai wata mace?"

"Wace irin mace?"

"Ka ji muryar! Ta yi ƙasa, ta karye a ƙarshe..."

Sai wani jirgi mai inji ya wuce, igiyar ruwa ta daki gefen na Crisanto. Dakta Eulogio, da ƙafafunsa na masu gaskiya, ya tafi a tsaye kamar itacen da aka sare. Da sandar tuƙi aka jawo shi, farar kwat ta koma launin gahawa da madara, ciyawar ruwa a kunne.

"Dakta, me kifaye suka ce?" wani ɗan dako ya tambaya. "Hagu suke kallo ko dama?"

Bai kula shi ba. A jiƙe ya wuce gidan Fidelina, yana ɗiga a kan dandamalinta, ya ce, "Ki yi haƙuri. Akwai wata. Muryarsa ta gaya mini."

Matar da ba a taɓa rufe mata baki ba ta zauna a kan kujera, ta ce a hankali, "Crisanto?" Ranar nan ba ta kai cuku kasuwa ba, washegari ma haka.

Labari kuwa ya riga ya zaga gari. Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne wace mai ƙarfin halin ce ta ƙyalla ido a kan Crisanto, mutumin da haƙoransa suka yi hijira tuni, wanda warin man jirgi ke riga shi shiga ɗaki.

"Ko wace ce, a nemo ta a ba ta lambar yabo," in ji Wilfrido.

"Zan nemo ta," in ji Eulogio. "Ranar shari'a, a gaban kowa. Ba duka, ba zagi. Maƙogwaronsa ne zai faɗi sunanta."

Jin haka maza suka fara leƙen wuyan matansu a wajen cin abinci. Mata suka fara tambayar mazan ko sun haukace ne. Aka yi faɗa a gidajen da aka daɗe ba a yi ba.

Ranar shari'a kasuwa ta tashi da wuri. Kotu ta cika har taga, fanka ɗaya tana juya zafi daga wannan bango zuwa wancan. Fidelina ta zauna a gefe ta ƙi kallon mijinta. Crisanto ya zauna a ɗaya gefen da hankici a hannu. Kusa da shi tsohon lauyan nan kurma ne, wanda tun kafin a fara ya yi barci.

"Dubi abokin karawata," Eulogio ya raɗa wa Fidelina. "Ya rufe ido. Ya sallama."

Alƙaliya Amparo Cantillo ta shigo, mace marar son dogon zance. Ta ce a fara, a kuma taƙaita. Eulogio ya miƙe ya fara da tarihin ƙarya tun daga Adamu da Hauwa'u. Da ya kai wajen Fir'auna, alƙaliya ta turo leɓe tana nuna masa kujerarsa. Ko yaron goye a San Telmo ya san in an turo leɓe wajen abu, nuna shi ake yi, shi ma Eulogio da haka uwarsa ta rene shi. Amma a kwas an ce turo leɓe alama ce ta mai ƙishin ƙarin bayani. Sai ya rusuna mata, ya koma kan Adamu don ya ƙara faɗaɗawa.

"Dakta Pertuz," in ji ta, "ko dai ka yi tambaya ko ka zauna."

"Ranki ya daɗe, tambayar ma ba ni zan yi ba, ilmi ne zai yi." Ya tsaya gaban Crisanto, ya nuna wuyansa da biro. "Jama'a, ku zuba ido a nan, a kan zakaran wuya. Zan kira sunayen matan garin nan. Wadda sunanta ya motsa maƙogwaron nan, ita ce."

Mata suka gyara zama. Mazansu ma.

"Doña Eufemia mai ɗinki."

Maƙogwaro bai motsa ba. Doña Eufemia ta sauke numfashi, ko da yake wasu sun ce ta ɗan ji haushi.

"Doña Temilda mai kifi."

Crisanto ya yi iya ƙoƙarinsa, amma mura ba ta san kotu ba. Ya ce, "Ƙuhum."

"Ga ta nan!" Eulogio ya daka tsalle.

Temilda ta miƙe. "Ni? Ni da na binne miji mai cikakkun haƙora? Eulogio, ka ci sa'a ban shigo da wuƙar kifina ba!"

"Ƙin amincewa da ƙarfi, ranki ya daɗe, alama ce ta biyu. Amma bari mu tabbatar, mu ci gaba. Doña Griselda, matar mai kemis."

Tari ya sake ƙwacewa, wannan karon har sau biyu.

Mai kemis, Don Arcadio, ya tashi a hankali, ya dubi matarsa, ya dubi Crisanto, ya dubi lauya. "Griselda?"

"Zauna, sakarai!" in ji Griselda. "Ni ko jirgin ba na shiga, amai yake sa ni!"

Eulogio ya ɗan rikice, amma ya daure. "Abin ya fi yadda na zata. Biyu ne. Mu ga ko akwai ta uku. Doña Clemencia, yayar Fada, limamin cocinmu."

Doña Clemencia ta haura tamanin, da sanda aka kawo ta. Crisanto ya toshe baki da hankici, idanunsa suka kawo ruwa, tarin ya fito ta hanci.

"Me aka ce?" tsohuwar ta tambayi na kusa da ita. Aka gaya mata a kunne. Ta yi murmushi ta gyara mayafinta. Fada kuwa ya yi alamar gicciye ya ce zai yi maganar ranar Lahadi.

Alƙaliya ta bubbuga tebur. "Dakta Pertuz, mutumin nan mura yake yi."

"Haka yake so ki ɗauka, mai girma Dakta Amparo..."

Crisanto ya turnuƙe da tari har ya dafa bango.

Kotu ta fashe. Wasu suka zube daga benci. Alƙaliya ta cire tabarau ta ajiye, ta dubi Eulogio. "To? Me ilminka ya ce a kaina?"

Eulogio ya gyara tabarau. "Ranki ya daɗe... a kowane ilmi akwai... wato wannan tarin na girmamawa ne."

"Na girmamawa."

"Sautinsa daban ne. Ya fi zurfi."

Daga can baya Wilfrido ya ɗaga murya. "Dakta, adalci ai a gama layi! Ka tsallake gida ɗaya. Kira Nohemí mu ji!"

Sunan bai gama sauka ba Crisanto ya saki wata atishawa wadda ta tashi tsohon lauyansa daga barci, har ya miƙe ya ce, "Ban yarda ba!" ya koma ya zauna.

"Ashe wanzami ba ya son jarfa," in ji Wilfrido. "Ni ne shaida."

Nohemí tana benci na uku. Ta miƙe, ba gaggawa, ta rataya jakarta.

"Eulogio, ga gari ya taru. Abu biyu ne. Ko dai abin da ka koyo a otal shirme ne, ko kuwa ni matarka ina bin tsohon mai fito. Zaɓi ɗaya."

Ko jaki aka yi wa wannan tambayar ya san amsa. Eulogio ya dubi matarsa, ya dubi jama'a, ya tuna allon ƙofar ofis da hatimin ruwan zinariya. Sai ya sauke tabarau zuwa kan hanci.

"Nohemí, ɗan ɗaga haɓarki. Ce 'a'a' in ga wuyan."

"Wayyo," in ji wani daga taga.

Ana cikin haka ba wanda ya lura Fidelina ta bar kujerarta. Tun tari na biyu take mutsu-mutsu. Ta tsaya a kan mijinta, ta dafa goshinsa da bayan hannu.

"Zazzaɓi ne a jikinka, tsohon banza. Ba ka tafi da bargo ba ko?"

"Ina ruwanki? Ba ke kika ce a raba mu ba?"

"Ni? Wa ya ce?"

"Takardar kotu."

"Ni kunne na ce a ja maka a kan kazata!" Ta juya wajen alƙaliya. "Ranki ya daɗe, wa ya ce a raba? In an raba mu, wa zan riƙa yi wa faɗa? Wa zai riƙa dafa wa wannan abin citta da lemun tsami?"

"Lauyanki ne ya ce."

"Hannunta ne ya ce," in ji Eulogio da ƙaramar murya. "Ta murza zobe."

"Matse ni yake yi, ɗan wofi! Rabon da ya fita tun ina da ƙugu!"

Alƙaliya ta juya ga Crisanto. "Don Crisanto, ka yanka kazar?"

"Na yanka, ranki ya daɗe. Ta ma yi tauri."

"Kun ji shi ko!" in ji Fidelina.

"To an ja maka kunne. Kada ka sake. An kori ƙara. Doña Fidelina, kai shi gida ki rufe shi da bargo. Kai kuma Dakta Pertuz, akwai maganar da za mu yi da kai a ofishina, in ka rayu."

Ba banza ta faɗi haka ba. Nohemí ta riga ta sunkuya ta cire takalminta mai dunduniyar katako. Temilda ta tare ƙofa, Griselda ta tare taga. Eulogio ya ja da baya, yana kallon kafaɗar matarsa, yana kallon idonta, yana lissafi. Hannu ya tashi, shi kuma ya yi wani irin tsalle zuwa dama, ya je ya tarbi takalmin da goshinsa kamar an aike shi.

Su Fidelina ko waiwaye ba su yi ba. Sun fita tana riƙe da hannunsa, tana zaginsa a kan bargo, shi kuma yana tari yana cewa romon ma gishiri ya yi masa yawa.

Kemis ɗaya ne a San Telmo, saboda haka can aka kai Dakta, goshi a fashe, aka zaunar da shi a benci. Rabin kotu ta biyo baya ta tsaya a ƙofa. Don Arcadio, mijin Griselda, ya wanke hannu a natse, ya ɗauko auduga da babbar kwalbar aidin.

"Ku sani," in ji Eulogio ga 'yan kallo, "tun kafin ta sunkuya na ga jifar nan tana zuwa. Kafaɗarta ta gaya mini."

"To me ya hana ka kaucewa?" in ji Wilfrido.

"Na kauce mana. Kafaɗar ta ce hagu za ta jefa. Nohemí ce ba ta bi ƙa'ida ba."

Don Arcadio ya tsoma audugar cikin aidin har tana ɗiga. Ya matso, ya kama haɓar Eulogio da hannu ɗaya, ya kawo fuskarsa dab da tasa.

"Dakta, kai da ka san komai, karanta ni. Zai yi zafi ko ba zai yi ba?"

Eulogio ya duba da kyau. Gira a sake, ido a kansa tsaye ba hagu ba dama, ga murmushi har kunne.

"Ba zai yi ba," in ji shi, ya saki jiki.

Masu jiran jirgi a ɗaya gaɓar kogin sun ce sun ji ihun, har wasu suka cire hula, sun ɗauka alade ake yankawa don biki.